Haƙurin da Likita Ya Ce

Tun da noman rani ya kawo mu Kadawa, nesa da dangina, tsorona ɗaya ne: kada ɗana ya mutu a hannuna maigida yana gona. Da yaron ya kumbura, na kai shi Kano. Likita, Ba'indiye mai gurguwar Hausa, ya ce ƙoda ce. Ya ɗaga yatsa: "Mama, hakuri! Safe hakuri, dare hakuri. Wata mai zuwa, kawo mu gani."

Ba ni da wanda zan tambaya, kuma na ce a raina, haƙuri ai na ƙware a kai. Na duƙufa. Akuyar maƙwabta ta cinye tumatirin da na shanya, na yi mata murmushi.

Ranar komawa, dasashin yaro ya kumbura yana wari. Na durƙusa na ce, "Likita, na yi iya yina."

Nas ta riƙe baki: "Baiwar Allah, haƙori ya ce! A goge da asuwaki, ciwon baki yana tayar da ƙoda."

An cire masa haƙora biyu, yaro ya samu sauƙi. Har yau matan unguwa in sun hango ni sai su washe baki: "An goge haƙuri?"

Don Allah, in kun zo dubiya, ku ce sannu kawai.