Tsirkiya da Bokitin Zoɓo

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin yayar Rifkatu ba, kuma ko na so in manta, danginta ba za su bar ni ba.

Ina ɗalibi a Samaru lokacin, na shiga wata 'yar ƙungiyar harbin baka (gudu ba na iyawa, ƙwallo kuwa a benci nake ƙarewa). Mai koya mana wani tsohon soja ne, Oga Danladi, kuma faɗanmu kullum ɗaya ne: wai fizgar tsirkiya nake yi.

"Ba kunnen ƙaninka kake ja ba," in ji shi. "Sassauta yatsu kawai, tsirkiya ta san hanyarta."

Sai ya ba ni magani: in cika bokiti da ruwa, in rataya shi a yatsu uku, in saki jiki har ya zame da kansa. Na duƙufa kuwa, har 'yan ɗakinmu suka fara ɓoye bokitansu.

A lokacin Rifkatu budurwata ce, amma ban taɓa gaisawa da babanta ba. Don haka ranar bikin na yi sammako zuwa Sabon Gari in nuna ni yaron kirki ne. Mamanta ta miƙo mini bokitin zoɓo in kai mota. A ƙofar gida na yi kiciɓis da Baba, fes cikin farar shadda, yana jiran a tafi coci.

Na rusuna. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai ne maharbin da ake faɗa? Me ake koya muku ban da ja da saki?"

Da mai hankali ne, da ya ce, "Babu komai, Baba." Ni kuwa na miƙe, na gyara murya.

"Ai Baba, ba saki ake yi ba. Yatsu ake sassautawa, kamar haka."

Gaskiya ko a filin harbi ban taɓa yin saki mai kyan wannan ba. Babu fizga, babu rawar hannu. Bokitin ya sauka a tsaye, murfi ya yi sama, zoɓo ya wanke Baba tun daga ƙirji har takalmi. Rifkatu ta leƙo, ta koma ciki, ta rufe ƙofa.

Baba ya daɗe yana kallon rigarsa, sannan ya ce, "To, na gani. Ka iya."

Da rigar maƙwabci ya kai 'yarsa coci, maƙwabcin kuma guntu ne. Duk hotunan bikin gwiwoyin Baba a waje suke.

Daga baya dai ya ba ni Rifkatu, bayan dogon lallashi. Amma ranar da aka haifi 'yarmu, na miƙa hannu zan karɓe ta, sai ya ce wa mamanta, "Bari ya zauna a ƙasa tukuna."

Tun daga nan, in babba ya tambaye ni abin da nake koyo, sai na ajiye abin da ke hannuna kafin in buɗe baki.