Muƙamin Hajjo a Rundunar Mikiya

"...lafiya lau na kwana, ganinka ne ya ɓata mini safiya," in ji Hajjo, tana ɓare gyaɗa a ƙofar ɗakinta a Dutse Alhaji.

Jikanta Tawfiq ne ya zo, sai washe baki yake. Wasan yaƙi na waya ya ƙirƙira, da azahar za a rufe gasar da ya shiga, ga shi muryar tsohuwa ɗaya ta rage masa bai ɗauka ba. Abin tausayi ne, don Hajjo ba ta da sauƙi.

"Uwargida, aikin soja na samo miki a Daular Baƙin Tsauni. Mayaƙana kan mikiya suke hawa."

"Kai da ko akuya ta fi ƙarfinka? Wane muƙami?"

"Daga sama akwai Mai Tutar Wuta, ni ke nan. Sai Uban Dubu, sai Uban Ɗari, sai 'yan baka. Can ƙasa sai ke, Mai Share Kashin Mikiya. Ki durƙusa kawai ki ce, ranka ya daɗe."

"In durƙusa wa wanda na wanke wa zawo? Wa ke dafa wa rundunar taka abinci?"

Tawfiq ya sosa ƙeya. "Ai... ba sa ci."

"Ba sa ci! Shekara talatin ina tuwo a kasuwar bariki, har kanar sai ya bi layi da kwanonsa. Soja dubu goma ba murhu? Kafin la'asar sun gasa mikiyoyin sun cinye!"

"To na ƙara miki girma, Uwar Goma."

"Goma? Haƙoran bakina ma sun fi goma."

"Da kyar dai."

Hajjo ta miƙe, ta ɗaga muciya sama. "Kai Mai Tutar Wuta! Sauko daga tsuntsun nan ka hura mini wuta, ko yau runduna ta kwana da yunwa!"

Kajin maƙwabta suka watse. Ashe wayar Tawfiq tana ɗaukar murya. Tawfiq ya saurara sau biyu, ya ƙyalƙyale da dariya har da hawaye, don bai taɓa jin murya mai tsoratarwa irin wannan ba.

"Wallahi na sallama, oga. Na ƙirƙiro sabon muƙami a saman kowa: Uwar Murhu."

"Kai fa?"

"Ina ƙarƙashinki."

"Madalla. Yi maza ka aika musu kafin azahar, sannan ka dawo, kurtuna. Akwai tukwane."