Rasuwar Mai Ido Uku, Wanda Ruwa Ya Ci a Shekarar Fari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai ƙin rufuwa, ni Maliki mai cajin waya a Tsamaye nake sanar da rasuwar akwatin wayifai ɗina, wanda aka fi sani da Mai Ido Uku saboda 'yan fitilunsa uku.

Marigayin mai kawaici ne. Bai taɓa ɗaga murya ba, iyakarsa "tsiii" in rana ta yi tsaka. A wagga shekara da gero ya ƙi fita, shi ya riƙa nuna mana hasashen ruwa, kuma kullum gaskiya yake faɗi: babu.

Aibinsa ɗaya. Waya goma yake iya ba adireshin shiga intanet, ta sha ɗaya sai ta tsaya layi kamar saniya a bakin rijiya. Ɗiyata Fatsuma, mai karatu a Sakkwato, ta ce kada in ji kunya, duniya kanta tsofaffin adireshinta na intanet sun ƙare, ana ta cunkuso gida guda, har an fito da sabon tsari da zai ishi kowace ƙwayar rairayi. Na ce mu Gobirawa da adireshinmu ke fuska, me ya dame mu? Ashe ya dame mu.

Baffa Illo, makiyayi, shi ne na sha ɗaya kullum. Ɗansa Atiku ya kora shanunsu kudu neman ciyawa, kuma tun tafiyarsa ba labari, shi ya sa Illo ke zuwa da wayarsa ko saƙo zai shigo. Illo ya lura marigayin na ɗaukar zafi kafin ya yi rowa, ya yanke cewa ƙishirwa ce, don ya san halin dabba. Ranar Talata ya ɗauko butarsa, ruwan da ya yi tattali tun asuba, ya shayar da shi har ya ƙoshi.

Marigayin ya ce "tas". Ya rufe ido na farko, na biyu, na uku ya ɗan kalle ni. A duk ƙasar Sabon Birni da Isa, bana shi kaɗai ruwa ya ci.

Ya bar caja guda mai tari, da batirin sola gwauro, da zaurena da ya koma ba kowa. Magajinsa, in Allah ya hore, za ni tambayi yawan adireshinsa kafin in tambayi lafiyarsa.

Za a rufe shi bayan la'asar a gindin aduwar da yake samun sabis. Mutum goma za su shiga, sauran su jira waje, bisa al'adar mamacin. An ba Illo wuri na farko. A zo da addu'a, kada a zo da buta.

Wanda ya taho ta'aziyya daga kudu kuma ya ga Atiku da shanu, ya kai labarin da bakinsa. Gidan Illo na bayan tsamiya mai kogo. Wannan adireshin bai cika ba tukuna.