Gwanina Mai Fitila a Ka

Ni ne masanin tseren motoci a majalisarmu ta unguwar Nuzla. Ba wanda ya naɗa ni, na dai fi kowa murya, kuma ina jan motar kaya a unguwar masana'antu.

Wata Juma'a bayan la'asar, abokina Bakur ya kunna mana tseren nan na Amurka a talabijin, inda motoci irin na gida ke zagaye fili ɗaya. Na kurɓi shayi, na fara huɗuba.

"Wasan nan ya mutu! Ku dube su, sun jeru kamar masu rakiyar gawa. Direbobin yanzu matsorata ne. Namiji ɗaya ya rage, wancan na gaba mai fitila a ka. Tun ɗazu an kasa wuce shi!"

"Ya shekh, ka tabbata?" in ji Bakur, yana danne dariya.

"Halas, magana ta ƙare, shi zai ci. In bai ci ba, ku daina kirana direba."

Ban rufe baki ba, gwanina ya saki hanya, ya shige gefe abinsa, sauran suka ɓarke da gudu. Ashe motar jami'an tseren ce mai yi musu jagora kafin a fara tseren.

Bakur ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Direba dai sun daina kirana. Kuma har yau, ko motar asibiti ce ta gifta da fitila a unguwar Bab Makka, sai wani ya zungure ni: "Yalla, tashi ka tafa, ga gwaninka zai ɗauki kofi."