Rasuwar Ƴar Baƙa, Mai Riƙon Iyakar Gonarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai sauka ba, ni Mushe Abdurrazak (haka ake kiranmu malaman boko), malamin lakwal a Geceme, nake sanar da ƴan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda ɗalibaina ke kira Ƴar Baƙa. Ta cika ranar Litinin bayan la'asar a rumfar Luƙman mai gyara, cikin kasuwar Dogon Dutsi. Shekara tara ta yi a hannuna. Waɗanda ta yi a hannun wanda ya sayar mini kuwa, Allah kaɗai ya sani.

Marigayiya mai haƙuri ce. A ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tana tsakar aiki, ba ta taɓa riƙe kowa a zuci ba. Kullum da safe sai ta yi "fuuu" na minti biyar kafin ta buɗe ido, mu ma mun saba muna jira.

Babbar amanar da ta tafi da ita bidiyo ne na minti ashirin. Shekara uku ke nan na ɗauki tsohonmu yana zagaya gonarmu ta gero, yana nuna iyaka da sandarsa, daga wannan itace zuwa wancan gindin gamba. Takarda ba mu da ita, gonar gado ce. Tsoho ya rasu bara, wayar da na yi ɗaukar da ita an sace ta tuni. Bana, da ruwan farko, ƙanensa Baba Jibrilla ya shigo da shuka taki goma sha biyu cikin gefenmu, ya ce nan iyaka take tun kakanni. Mai gari ya sa mana ranar Alhamis ɗin nan don raba gardama.

Sanadin ajali ba zan ɓoye ba, ni ne. Da bazara ta riƙa ɗaukar zafi tana suma, sai na yi mata abin da muke yi wa goro da tulun ruwa: na jiƙa buhun algarara, na ɗora ta a kai. Wata biyu cur! Har yabon kaina nake yi.

Ranar Juma'a na danna maɓalli, ƴar fitila ta kama, fuska baƙi ƙirin. "Tit, tit, tit," sai shiru. Na cire batir, na riƙe maɓalli na ƙirga talatin, na mayar. Na ari sarjar daraktan makarantarmu na jona mata. Na roƙe ta, na zage ta. Kabiru, ƙanen matata, ya rantse cewa shinkafa na tsotse laima. Shinkafa ta ƙare a gidan, sai ya binne ta cikin gero kwana biyu. Ta fito ba numfashi, ga gero a kowace kafa.

Litinin ni da Kabiru muka hau motar kasuwa da ita a cinyata. Da Luƙman ya buɗe cikinta ya ga tsatsa kore shar, sai ya tambaye ni a hankali ko da gaske ni ke koya wa ƴaƴan mutane kimiyya. Ya goge abin gogewa, ya busa, ya jona ta da wata fuska, ko motsi. Daga nan ya ce mu haƙura da gangar jiki, mu ceci rumbun, wato disk dur inda take ajiye komai. Ya zare shi, ya sa a wani ɗan akwati, ya jona da tasa na'urar. "Ƙas, ƙas, ƙas." Na'urar ta nemi izinin share shi tas, Kabiru ya miƙa yatsa zai amince, na make masa hannu. Ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan ba shi ba.

Awa huɗu Luƙman yana lalube. Ya ceto jarrabawar 2019 wadda ba mai nema, da hoton ragon layya har sittin da huɗu. Daga bidiyon kuwa, daƙiƙa arba'in. Tsoho ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya ɗaga sanda: "To, riƙe da kyau, iyakarmu ta tashi daga…" Nan hoto ya daskare. A bayansa ga Baba Jibrilla tsaye, riƙe masa da gorar ruwa, yana gyaɗa kai. Na kalla ya fi sau hamsin, sandar ba ta sauka ba. Wallahi na yi kuka.

Ta rasu ta bar sarja mai ɗauri uku, da jaka marar zif, da kile, wato filash, sabo fil cikin ledarsa, wanda na saya bara don in kwafe bidiyon, nake ta cewa gobe.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da hantsi a bakin gona. Mai gari ya yarda ya zo can. Luƙman zai kawo na'urarsa a haska wa jama'a daƙiƙa arba'in ɗin, Kabiru zai yi haƙa, tun da ya iya binnewa. Masu ta'aziyya su zo da dattawansu. Wurin kabari kuma na bar wa Baba Jibrilla. Zai kalli fuskar wansa, sannan ya nuna da hannunsa inda sandar nan ta sauka ran nan. Duk inda ya nuna, nan za mu rufe ta, nan ne iyaka, ni da ƴaƴana ba za mu ƙara ta da maganar ba.