Kamu Biyu a Lungunmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai kaina babbar kotu da ƙafata ba, aka tona mini asiri a gaban mutanen unguwarmu.

Ni tela ne a Mandawari. Da na gaji da zaman shagon haya, sai na fasa katangar zaurenmu na fitar da shago, na ci kamu biyu daga lungu. Wanda ya san lungunan cikin gari ya san kamu biyu ba abin wasa ba ne: mai kurar ruwa ya daina shigowa, mutum biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya manne da bango. Maƙwabta suka yi mini magana, na yi kunnen uwar shegu da su. Suka kai kuka wurin kwamitin da ke sauraron rigingimun gine-gine. Aka zo aka auna, aka zauna da mu, aka ce in rushe abin da ya shiga hanya.

A nan ya kamata in tsaya. Amma ni mutum ne mai son a ce ya iya magana (a majalisarmu ni ke fassara labaran rediyo, ko ba a tambaye ni ba). Lauyan da na fara samu ya duba takardun ya ce, "Malam, kotu ba za ta sake auna lungu ba. Abin da za ta duba shi ne ko kwamitin ya bi ƙa'ida, kuma ya bi. Ka haƙura." Na ce a raina wannan an saye shi. Na nemo wani, na rantse masa cewa kwamitin bai ba ni damar magana ba, ya shigar da ƙara a kan haka.

Muna jiran ranar zama Allah Ya yi wa Baba Ɗanladi rasuwa, aminin mahaifina, wanda gidansa ke ƙarshen lungu. Da aka iso da makara daidai shagona, ta ƙi wucewa. Sai da aka karkata ta, mutane suka tallafe gawar da hannu kada ta zame. Ina cikin masu tallafar. Duk da haka ban janye ƙarar ba. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Ranar zama na ci ado da farar shadda, ɗinkin hannuna. Maƙwabta suka cika benci biyu, har da Sabi'u, babban ɗan marigayin. Lauyan kwamitin bai yi dogon jawabi ba, rubutaccen bayanin zamanmu kawai ya miƙa. Mai shari'ar, wata dattijuwa mai tabarau, ta daɗe tana juya shafuka kafin ta ɗago.

"Malam, ka ce ba a saurare ka ba?"

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Wannan sa hannunka ne?"

Nawa ne, har da lanƙwasar da nake taƙama da ita.

"Fiye da rabin takardar nan maganarka ce," in ji ta.

Wani ya ƙunshe dariya a baya. Da a nan abin ya tsaya, da na gode Allah. Sai ta karanta wani wuri da Turanci, tafinta ya maimaita da Hausa, da ƙarfi, yadda kowa zai ji: "Baba Ɗanladi ya tambaya, idan aka yi mutuwa ta ina makara za ta bi? Mai shago ya amsa, wanda ya mutu ba ruwansa da ƙuncin hanya."

Wallahi na manta na faɗi haka. Amma maganata ce, na gane ta. Na waiwaya na ga Sabi'u ya sunkuyar da kai yana goge ido da hularsa, ni kuma na rasa inda zan sa fuskata. Mai shari'a ta ce ƙarar ba ta da tushe, ta kore ta, hukuncin kwamiti yana nan daram.

A bakin ƙofa na so in sulale, Sabi'u ya riƙo hannuna. Na sadaƙar zagi zan sha. Sai ya ce a hankali, "Yaya, gobe da safe zan zo da guduma in taya ka."

Ya zo kuwa. Ni na fara kai wa ginin duka.

Tun daga ranar, kafin in rantse cewa ba a saurare ni ba, sai na tsaya na tuna me na faɗa. Ni dai an saurare ni sarai, har an rubuta, kuma wannan ne ya kashe ni.