Hatimin Ofishinku a Cikin Fayilolina

Zuwa ga Mai girma Shugaban Sashen Binciken Na'urori, wanda kwamfutoci ke shiga ofishinsa su manta hanyar gida. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka da kwamfutata, wadda yau ta cika wata uku a hannunku.

Ni ce malamar kwamfuta ta makarantar koyon sana'ar nan da takardun jarrabawarta suka fita kafin lokaci. Jami'anka sun kwashe kwamfutocin malamai duka, daga baya aka mayar wa kowa tasa, ban da ni. Laifin tawa shi ne an samu fayiloli ɗari biyu da goma sha huɗu a kulle a cikinta. Makaranta ta dakatar da ni, kuma ranar Alhamis mai zuwa kwamiti zai zauna a kaina. In ban kai takardar wanke kai daga ofishinka ba, aikina na shekara goma sha ɗaya ya tafi. Ga 'yan koke-kokena, a yi haƙuri da su.

Na ɗaya. Ba ni na kulle fayilolin nan ba. Tare suka zo da wata manhaja da ake gwada ƙarfin kulle bayanai da ita, wadda nake koyar da ɗalibaina. Masu manhajar ne suka kulle su da gangan don gwaji, kamar yadda mai sayar da kwado yake rataye ɗaya a bakin shago kowa ya ja ya gani. Duk wanda ya sauke manhajar a duniya yana da irinsu. Shin dukkanmu ne muka haɗa baki muka saci jarrabawar ajin walda?

Na biyu. Ba don in koya wa manya karatu ba, kowane fayil yana da lambar shaida, wadda masu sana'armu ke kira hash. Doguwar lamba ce da kwamfuta ke lissafowa daga abin da ke cikin fayil, kamar zanen yatsa. In fayiloli biyu iri ɗaya ne sak, lambarsu ɗaya. In aka ƙara ko da ɗigo, lambar ta canza gaba ɗaya. Masu manhajar sun wallafa lambobin fayilolinsu don a gane su ba sai an buɗe ba. Ofishinka ma yana da jerin, na gan shi da idona. An buga shi a takarda, an yi masa bango mai kyau, an tokare taga da shi. Da an kwatanta, aikin minti biyar ne.

Na uku. Maimakon haka, jami'in bincikenka ya yi sati bakwai yana cankar kalmar sirri. Ya gwada sunana, ranar haihuwata, sunayen 'ya'yana uku. Har surukata ya buga wa waya yana tambayar sunan da nake kiran ɗanta da shi a cikin gida. Tun ranar ba ta shigo ɗakina ba tare da ta leƙa ƙarƙashin gado ba. Kullum maganarta ita ce, “Ke 'yar nan, ni ban ce kin yi ba, amma hukuma ba ta kiran mutum haka kawai.” Mijina kuwa ba binciken ne ya dame shi ba, haushinsa shi ne an gwada sunansa bai buɗe ba. Kalmar sirrin, ranka ya daɗe, tana rubuce a wani ɗan fayil a gefensu mai suna “Karanta ni da farko”. Ko ana jiran izini daga sama ne kafin a karanta shi?

Na huɗu, kuma a nan ne na cire wa ofishinka ɗankwali. Bayan na yi sintiri sau tara, an yarda a kwatanta lambobin. Jami'in ya kira ni yana murmushi ya ce ko ɗaya bai dace da jerin ba. Na roƙa a nuna mini fayil ɗaya, aka nuna. A can samansa sai ga lambar ƙara, ga kwanan wata, ga “An karɓa”.

Ashe dokar ofishinka ce kowane abin shaida sai ya ɗauki lambar ƙara a jikinsa. In wuƙa ce a ɗaura mata kati, in takarda ce a buga mata hatimi. Da aka zo kan fayiloli, sai magatakardanka, bawan Allah mai riƙon amana, ya buɗe kowanne a manhajar rubutu ba tare da ya cire kullen ba, ya rubuta lambar a samansa ya adana. Kwana biyu ya yi yana wannan aiki. Ya dube ni da alfahari ya ce, “Malama, ko ɗaya ban tsallake ba.” Gaskiya ya faɗa, na duba. Yanzu ko da kalmar sirrin ba za su buɗu ba, kuma rahotonku ya ce an samu fayiloli ɗari biyu da goma sha huɗu waɗanda ba a san asalinsu ba. Ranka ya daɗe, asalinsu yana zaune a tebur na biyu kusa da ƙofa, yana shan shayi. Ina roƙon kada a hukunta shi. Shi kaɗai na gani a ginin nan ya gama aikin da ya fara.

Na biyar. Ina wasa ne don kada in yi kuka, amma tsoro nake ji. Ɗalibaina sun daina gaishe ni da ƙarfi a hanya, sai da ido. Ni na tsaya a gabansu na ce musu lambar shaidar nan ba ta ƙarya, ita ke wanke mai gaskiya. Ban san me zan ce musu yanzu ba.

Saura hanya ɗaya. A ranar da aka karɓi kwamfutar an kwafe duk abin da ke cikinta, kafin hannun magatakarda ya kai, aka rufe kwafin a akwatin ƙarfe. Na tambayi makulli, aka ce yana aljihun mataimakinka. Na tambayi mataimakinka, aka ce ka tura shi kwas na sati biyu, don ya koyo yadda ake gane sanannun fayiloli ta lambar shaidarsu. Zai dawo ranar Juma'a. Kwamitina, in ba a manta ba, Alhamis ne.

Ba zan ce a fasa akwatin hukuma saboda aikin mace ɗaya ba, wace ni. Ina dai roƙon in ya dawo a bar shi ya gwada sabon iliminsa a kan fayilolina, don in samu takardar da zan nuna wa 'ya'yana cewa uwarsu ba ɓarauniya ba ce. Allah ya sa ya ci jarrabawa.

Taka mai biyayya, durƙushe har ƙasa,

Malamar kwamfuta, zuwa ranar Alhamis.